Tambaya da Amsa: Na Gaji da Aikin Banki, Ina So In Koma Jos In Kama Sana'ar Acca

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonni sun taru sosai, amma akwai guda ɗaya da ya cinye kusan duk filin namu na wannan makon, waɗanda ban kai ga nasu ba ku yi haƙuri dan Allah, suna nan a ajiye.

TAMBAYA

Salam Anti, ina wuni, ya aiki ya iyali. Dan Allah ki ɓoye sunana. Ni haifaffiyar Jos ce, a can na yi karatu har jami'a, aiki ne ya kawo ni Abuja. Shekarata 17 ina aikin banki, na fara daga kanta ina ƙirga kuɗi, na zo na yi maketin, na zama manajar reshe, yanzu haka rassa da dama ne a ƙarƙashina, ga mota ga direba, alhamdulillah ba wai ina raina ni'imar Allah bane. Amma Anti wlh na gaji. Ƙarfe 6 na safe na bar gida wani lokacin sai bayan isha'i nake shigowa, autana har ya fi sabawa da mai aiki a kaina, ga taget da ake lafta mana duk wata uku, ranar Litinin in an shiga mitin sai a wanke ki tas a gaban na ƙasa da ke. Sau biyu ana tsallake ni a ƙarin girma ana ba mazan da ni na koya musu aikin. Shekarata 44 yanzu. Abun da ke raina shine in ajiye aikin in koma gida Jos in buɗe ɗan kamfani na gyaran acca, a wanke a cire yashi a zuba a leda mai kyau in rinƙa kawo wa manyan shagunan Abuja, don ni kaina in ina son acca mai tsabta sai na aika gida an gyaro min. Maigidana yace duk abun da na zaɓa yana bayana amma ina ganin tsoro a idonsa, Hajiyarmu kuwa cewa tayi Allah ya isa tsakaninta da wanda ya yi min asiri, wai in bar kujera in koma tallan acca. Ina da ɗan abun da na tara, ga kuma fanshona. Takardar ajiye aikin ma na rubuta tana cikin kwamfuta ban dai tura ba. Anti in tura ko in haƙura?

Daga wata 'yar'uwa a Abuja

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki tura tukuna. Kuma kar ki goge ta, ki bar ta a inda take, don ni a ganina za ki tura ta wata rana kuma ina goyon bayan ki tura, lokacin ne dai bai yi ba.

Na karanta saƙonki fiye da sau ɗaya kuma abun da na lura shine layi nawa kika yi kan gajiya da ɓacin rai, layi nawa kika yi kan acca. Gajiyar ta fi yawa nesa ba kusa ba. Ba laifi bane, wanda aka tsallake sau biyu dole ransa ya ɓaci, nima da na karanta wurin nan sai da na ji zafi. Amma mai fushi ba ta iya lissafi, kuma ke kin fi ni sanin mutum nawa suka zauna gaban teburinki suna neman bashi da takardar tsarin kasuwanci wadda ba komai a cikinta sai buri, kika juya takardun kika ce Alhaji a je a sake lissafi. Toh yanzu ke ce a wancan ɓangaren teburin. Ki yi wa kanki irin tambayoyin da kike musu, ba sassauci. Ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan randa.

In gajiya ce kawai maganinta hutu ne ko sauya wurin aiki, kuma ƙofar ba ta rufe gaba ɗaya ba duk da na san yadda take da tsauri, Halima Buba ta zama shugabar SunTrust Bank a 2020, Nneka Onyeali-Ikpe ta karɓi Fidelity a 2021, Adaora Umeoji ta karɓi Zenith a 2024, abun da shekara 20 baya ko a mafarki da wuya. Mai shekara 17 a harkar da rassa a ƙarƙashinta ba za ta rasa inda za a ɗauke ta ba. Sai ki tambayi zuciyarki tsakani da Allah, in gobe aka kira ki aka ba ki ƙarin girman nan da aka hana ki, za ki ci gaba da tunanin acca? In amsar eh ce, toh mu ci gaba da magana.

Maganar Hajiya kuwa, ki bi ta a hankali, uwa ce, ta ga wahalar da kika sha kafin ki hau kujerar nan kuma a unguwa da ke take alfahari. Kar ki yi gardama da ita. Ki tuna mata cikin ladabi cewa Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, 'yar kasuwa ce mai ɗaukar maza aiki suna kai mata kaya Sham, ba abun kunya a mace ta riƙe dukiyarta ta juya. A ƙasar nan ma ba ke ce farau ba. Hajiya Bola Shagaya a Babban Banki take aiki sashen binciken kuɗi kafin ta fita ta kama kasuwanci a 1983 da kayan wankin hoto. Mo Abudu ita ce shugabar sashen ma'aikata a ExxonMobil, ta ajiye a 2000, amma ki lura da abun da ta fara buɗewa, ba gidan talabijin bane, kamfanin ɗaukar ma'aikata da horar da su ta buɗe, wato abun da ta riga ta iya, gidan talabijin ɗinta EbonyLife TV sai 2013 ya zo. Wadda ma ta fi kusa da abun da kike so ita ce Ndidi Nwuneli, ta yi aiki a McKinsey, kamfanin ba da shawara kan kasuwanci, a 2009 ita da mijinta suka kafa AACE Foods suna sayen citta da barkono a hannun manomanmu suna gyarawa suna zubawa a mazubi. Duk cikinsu ba wadda ta fita hannu biyu, kowacce ta tafi da wani abu da ta iya. Ke abun da kika iya kuɗi ne da mutane, ba acca ba. Cin acca kika iya, gyaranta da cinikinta sai kin koya, kuma gara ki koya albashi yana shigowa.

Akwai wani abu da manyan ma'aikata ba sa son ji amma dole in faɗa miki. Rabin ƙarfin da kike ji a jikinki yanzu na kujerar ne. Yau in firinta ta lalace akwai wanda zai gyara, in ana rigima akwai lauyan banki, in ma'aikaci ya yi sata akwai masu bincike, dizal ya ƙare ba ki ma san ya ƙare ba an zuba. Ranar da kika fita duk waɗannan ke ce, ke ce mai kuɗi ke ce masinja, ke za ki tsaya bakin titi a Bukuru kina ciniki da mai a-kori-kura kan kuɗin ɗauko buhu goma. Sannan wayarki za ta yi shiru. Alhazan da ke kiranki ranki ya daɗe manaja suna aiko da rago da sallah, wasunsu in kin kira su ki ce kin fara sana'a sai su ce masha Allah Hajiya zan neme ki, shikenan. Na ga wannan ya karya zuciyar wata baiwar Allah da na sani fiye da asarar kuɗin da ta yi, ta ce min ba ta taɓa sanin cewa ba ita ake gaisarwa ba sai da ta bar ofis. Ba mugunta bane a wurinsu, buƙatarsu ce ta koma wurin wanda ya gaje ki. Ki shirya wa wannan tun yanzu, ki zauna ki rubuta mutum nawa ne za su ɗauki wayarki saboda ke, ko biyar ne, su ne jarinki na gaske.

Sai kuɗi. Kin ce ga fanshonki, nan ne nake so ki tsaya. Dokar fansho ta 2014 ta ce wanda bai kai 50 ba in ya bar aiki ya yi wata 4 bai samu wani ba zai iya cire kashi 25 cikin 100 na abun da ke asusunsa, sauran sai ya cika 50. Ke 44 kike, kenan kwata kawai za ki iya taɓawa, kuma ni shawarata ko kwatan ma ki manta da shi, na tsufanki ne. Ki kuma tuna kashi 8 da ake cirewa a albashinki da kashi 10 da banki ke ƙara miki duk wata, ranar da kika fita ya tsaya. Inshorar asibiti ta ku da yara za ta tsaya, motar za a karɓa ko a ce ki saya, in kuma akwai bashin ma'aikata a kanki na gida ko na mota ki je ki karanta takardar da kika sa wa hannu yau ɗin nan, a wurare da yawa mutum na fita ake mayar da shi bashin kasuwa ko a zare shi daga haƙƙinsa na sallama, sai ka ga mutum yana lissafin miliyoyi a ƙarshe an miƙo masa abun da bai taka kara ya karya ba.

Abun da kika tara ki raba shi gida biyu kuma kar su haɗu ko da wasa. Ɗaya na gida ne, abun da kike sawa a cefane da kuɗin makaranta da hidimar Hajiya da 'yan'uwa, na shekara guda cur aƙalla, in da hali shekara da rabi, kuma ki ƙara wani abu a kai saboda tsada, mun ga yadda abubuwa suka koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, kuɗin da kika ce na shekara ne sai ya ƙare a wata tara. Abun da ya rage bayan wannan shine jari. In ya yi kaɗan toh ki fara kaɗan.

Yanzu mu zo kan accar kanta, don gaskiya tunanin naki yana da kyau kuma na ji daɗinsa. Mu da muka tashi a Jos mun san gwaten acca da tuwonta da kununta, mun kuma san abun da ke sa matan Abuja gudunta, yashi. Ƙwayar ƙanana ce sosai kusan girmanta ɗaya da yashin, shi ya sa aikin yake cin rai, a surfa a bushe a wanke a rairaya da ƙwarya daga wannan ruwa zuwa wancan, a sake, a sake, sannan a shanya, kuma mace ɗaya in ta tauna yashi sau ɗaya a ledarki ta bar ki har abada ta kuma gaya wa 'yan gurup ɗinsu. Kenan abun da za ki sayar tsabta ce. Ki ɗauki hutunki na shekara ki sa shi ya faɗo lokacin kaka, ki tafi gida, ki cire takalmin ofis ki shiga kasuwannin ƙauye wajen Mangu da Bokkos da Pankshin ki ga yadda ake awo, wa ke sayowa daga hannun manomi, nawa dillali ke ɗorawa, yaya farashin kaka yake yaya na bazara. Ki sayi buhu ɗaya tak, ki auna shi a sikeli, ki samu mata biyu da suka iya ki zauna tare da su har a gama, ki sake aunawa bayan ya bushe. Abun da ya ragu tsakanin awon farko da na biyu shine lissafin da babu wanda zai ba ki a takarda, kuma a kansa ribarki take ko faɗuwarki. Ki rubuta kuɗin ruwa, kuɗin matan, leda, bugun tambari, mota daga Jos ta Hawan Kibo zuwa Akwanga zuwa Keffi har Abuja, da ledojin da za su fashe a hanya, sannan ki sa albashinki ke kanki a ciki ko kaɗan ne, mata da yawa suna cewa suna cin riba alhali wahalarsu ce kawai ba su biya ba.

Shanya ma wani abu ne. Kin san daminar Jos, Yuli da Agusta sai a kwana a wuni ana yayyafi rana ba ta leƙo ba, acca in ba ta bushe sosai ba kika rufe a leda za ta yi wari ta yi fumfuna. Ko dai ki yi yawancin aikinki da rani ki adana, wanda ke nufin kuɗinki zai kwanta a sito wata da watanni, ko ki sayi na'urar busarwa, ita kuma wuta take ci, ga tsadar wuta, a Afrilun 2024 an kai kuɗin Band A, wato layin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, ga dizal. Kar ki sayi inji ko ɗaya sai kin je kin gan shi yana aiki a hannun wani, da accar gaske, kin kuma tambayi mai shi wa ke gyara masa in ya tsaya.

Manyan shagunan Abuja da kike hange, su ne ƙarshe ba farko ba. Yawancinsu ba sa biya a take, za su karɓi kaya su ce ki dawo bayan wata ɗaya ko biyu, wasu ma sai abun da aka saya za su biya sauran su dawo miki da shi ledar ta yi ƙura, su kuwa matan ƙauye da kika sayi acca a hannunsu kuɗi hannu suke so. A tsakanin nan ƙananan kamfanoni ke mutuwa, ana ciniki amma babu kuɗi a akawun, ke da kike ba da bashi kin sha ganinsu. Ki fara da masu biya nan take, matan ofisoshi, 'yan unguwarku, masu abincin biki, masu kai wa asibitoci da makarantu abinci, ta WhatsApp da Instagram, a yi transfa a kai kaya. Kuma ba sayen farko za ki duba ba, ƙawaye za su saya don kara, ki duba wa ya dawo karo na biyu da na uku ba tare da kin kira shi ba.

Sai dai ki kula da abu ɗaya tunda har yanzu ma'aikaciya ce ke, ki duba ƙa'idar wurin aikinku kan yin kasuwanci a gefe, in ana buƙatar ki sanar toh ki sanar a rubuce, kar ki yi tallan acca wa kwastoman da ke neman bashi a hannunki, kar kuma ki kwashi lambobin kwastomomi daga kwamfutar banki, bayan rashin amana akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023. Shekara 17 kina gina suna, ki fita da shi fes, ki ba da notis yadda takardarki ta ce, ki miƙa aiki da kyau, har wanda ya tsallake ki ɗin ki je ki yi masa sallama. Ba ki san ranar da za ki dawo neman takardar shaida ko bashi ba.

Takardu ba za su ba ki wahala ba. Rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ta intanet ake yi, kuma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya zai iya yin rajistar ƙaramin kamfani shi kaɗai, ba sai kin jawo sunan ƙani ko miji don cike gurbi ba, abun da ya sha jawo rigima daga baya. Ki buɗe akawun da sunan kamfanin ki samu lambar haraji. NAFDAC ce za ta ɗan ɗauki lokaci don za su zo su duba wurin da kike aikin, babban shago kuma ba zai karɓi abincin leda ba lamba ba, don haka kafin ki kama haya ki je ofishinsu ki ji yadda suke son ɗakunan su kasance, kar ki biya kuɗin shekara sannan a ce wurin bai yi ba. Kuma dan Allah kar ki rubuta a leda cewa acca tana maganin ciwon suga, na san masu suga suna nemanta sosai kuma su ne manyan kwastomominki, amma abinci ce ba magani ba, hukumar ma ba za ta yarda da wannan rubutun ba.

Bashi kuwa a shekarar farko ni ban yarda ba. Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a Nuwambar 2024, ke kin san nawa yake zama kafin ya iso hannun ƙaramin ɗan kasuwa, wace acca ce za ta biya wannan. In kasuwa ta kama kina da odar da ta fi ƙarfinki sannan ki leƙa Bankin Masana'antu, ko in kina gudun ruwa ga Jaiz da TAJ da Lotus, su saya miki injin su sayar miki da riba sananniya ki biya a hankali. Gidauniyar Tony Elumelu ma tana ba da dala 5,000 kyauta da horo, ana buɗe neman ranar 1 ga Janairu, masu nema suna da yawa sosai amma cikewa ba ta cin komai. Fitar da acca waje yana yiwuwa, Tarayyar Turai ta amince da shigar da ita kasuwarta tun 2018, amma wannan zancen gaba ne, ki bar shi tukuna.

Shugabancin ma zai sauya miki. A banki kina jagorantar masu digiri da ke tsoron kuweri, a Jos za ki yi aiki da matan da in ana biki ko rasuwa a ƙauye ko lokacin shuka ya zo ba za ki gansu ba kuma ba su ga laifinsu ba, takardar gargaɗi ba ta aiki a nan, abun da ke aiki shine ki biya su a kan lokaci, ki san sunan 'ya'yansu, ki je gaisuwa, Musulmi da Kirista ki riƙe su ɗaya don haka garin yake kuma haka kasuwar accar take. 'Yan'uwa kuma za su taso, kowa da ɗansa da ya gama bautar ƙasa ba aiki, Hajiyar da ke faɗa yau ita za ta fara aiko miki da su. Ki ɗauki wanda za ki iya sallama in ya yi ba daidai ba, wanda ba za ki iya ba ki taimake shi daga aljihunki kar ki sa shi a sito.

Tsoron da kika gani a idon maigida gaskiya ne, kuma mutumin kirki ne da bai hana ki ba. Kar ki bar shi da tsoron shi kaɗai, ki zaunar da shi ki buɗe masa lissafin duka, ga abun da zai ragu a gida, ga na shekara da na ware, ga iyakar abun da zan zuba, in ya kai wata kaza ban ga kaza ba zan tsaya in nemi aiki. Ba ki faɗa min ko shi aikinsa a Abuja yake ba, in a nan yake toh ban ga dalilin kwashe gida gaba ɗaya ba, kasuwarki a Abuja take, aikin ne a Jos inda haya da lebura suka fi sauƙi, kuma kin san garin namu, Allah ya ƙara mana zaman lafiya, in abu ya tashi aka sa dokar hana fita komai tsayawa yake, ajiye wani kaso na kaya a Abuja dabara ce. Kuma kar ki ɗauka za ki huta, shekara biyun farko za ki iya fin yanzu aiki, bambancin dai za ki iya tashi ki je taron makarantar autanki ba sai kin roƙi kowa ba.

Ki ba kanki kaka ɗaya da rani ɗaya kina gwadawa da albashinki a hannu. In kwastomomi suna dawowa, lissafi ya fita har da ladanki a ciki, kuɗin gida na ajiye, ki yi istihara ki buɗe kwamfutar ki tura. Ki rubuto min lokacin, kuma ki ajiye min leda biyu zan biya.

TAMBAYA

Anti ni ma'aikaciyar gwamnati ce a Jos, mataimakiyar darakta, saura min shekara 4 in yi ritaya. Inaso in buɗe shagon atamfa da leshi tun yanzu kafin lokacin, amma wata a ofis tace haramun ne a doka, gaskiya ne?

AMSA

Hajiya abokiyar aikinki ta faɗi gaskiya. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar inda aka jera ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, noma kaɗai aka ware. Na san ofisoshi cike suke da masu sayar da atamfa a but ɗin mota ba wanda ya ce musu kanzil, amma ke a matakinki idanu sun fi yawa, takardar ƙorafi ɗaya daga wanda ke son kujerarki ta isa ta ɓata miki ƙarshen aiki, ban ga abun da shago zai kawo a shekara 4 da ya kai wannan ba. Tunda noma halal ne a dokar kuma a Filato kike, ga dankali ga kayan lambu ga kaji, ki fara da shi ki koyi juya kuɗi. Atamfar kuma ki yi amfani da shekarun nan ki san 'yan Kantin Kwari da za ki rinƙa sara a hannunsu, ki tara jari. In kina tunanin zuba kuɗi a shagon wata ba tare da kin shiga gudanarwa ba, ki ga lauya tukuna ya duba miki, kuma ki sa shi a fom ɗin bayyana kadarori.

TAMBAYA

Salam Anti. Na bar aikin wani kamfanin sadarwa na buɗe wurin yin kek da abincin taro a Gwarinpa, yayana ne ya ba ni rabin jarin. Yanzu kasuwa ta fara kyau sai matarsa take cewa ai wurin nasu ne. Ba mu rubuta komai ba saboda ɗan'uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya zan yi?

AMSA

Ƙanwata ki bar matar, ba da ita kika yi magana ba tun farko, kar ki amsa mata ko a waya ko a gurup ɗin gida. Yayanki za ki samu shi kaɗai, ki fara da godiya don ya yi miki abun da ba kowa ke yi ba, sannan ki tambaye shi kai tsaye, Yaya kuɗin nan kyauta ne, rance ne, ko jari ka zuba? Ukun nan kowanne hukuncinsa daban. In rance ne ku sa lokacin biya ki mayar masa da abun da ya ba ki. In jari ne toh yana da rabo a riba kuma yana da rabo a asara, sai ku yanka kaso nawa ne nasa nawa ne naki, a cikin ribar ba wani adadi tsayayye duk wata ba, kuma a lissafa cewa ke kin zuba rabin kuɗi kin kuma zuba wuninki da ƙwarewarki, shi kuɗi kawai ya zuba, don haka raba-daidai ba lallai ya zama adalci ba. Duk abun da kuka tsayar a rubuta, shaidu biyu su sa hannu, in ya nuna ɓacin rai wai ba ki yarda da shi ba ki tuna masa aya ta 282 a Suratul Baƙara, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kuma kan rubuta bashi ta sauka. Ki duba kuma da sunan wa aka yi rajistar CAC da takardar hayar shagon da akawun ɗin da kuɗi ke shiga, in akwai wanda ba sunanki ko na kamfanin ba ki gyara shi cikin watan nan, sannan ki tafi wurinsa da littafin cinikinki a hannu ya ga komai da idonsa.